Yadda na bi diddigin faya-fayan Kawu masu tambarin zaki

Abu na farko, idan tsofaffin faya-fayan garmaho suka shigo hannunka, shi ne ka hana kowa kunna su. Kowa ɗoki yake yi ya ji abin da ke ciki, amma allura in ta hau kan ƙurar shekara hamsin, tura ta take yi cikin tsagin faifan tana niƙa shi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Da wannan sharaɗi na karɓi aikin daga hannun Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a gidan silima. A zamaninsu, kafin a fara fim da kuma lokacin hutu, faifai ake sawa a lasifika don kada 'yan kallo su ƙosa. Da silimar ta rufe, faya-fayan suka ƙare a adakarsa.

Shi buƙatarsa ba ta da yawa. "Ɗan nan, ka juye mini su a waya, shi ke nan." Sai dai wani abokina mai gabatar da shiri a rediyo ya ji labari, ya ce yana son ya yi shiri da su, kuma wanda zai sa waƙa a iska dole ya san ta wace ce. Saboda haka na sayi babban littafi na ja masa layi huɗu: abin da ke cikin faifan, shekarar da ya fito, ƙasar da aka buga shi, da wanda ke da haƙƙinsa a yau. Layin ƙarshen nan shi ya fi cin rai.

Na fara da warewa. Na Indiya masu hoton kare yana leƙa bakin garmaho suka koma gefe guda, na gida ma gefe guda. Tarin da ya rage mafi yawa kuwa duk kan zaki ne a jikinsa, zakin nan da ke ruri kafin fim ɗin Metro-Goldwyn-Mayer ya fara, da haruffa uku, MGM. A wurin Kawu duk wanda ke da zaki waƙar fim ce. Na bar shi a haka tukuna.

A cikin masu zakin ma iri biyu ne. Akwai masu nauyi, masu faɗin inci goma, da ke juyi 78 a minti. Waɗannan da shalak aka yi su, wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, kuma in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai a share. Sai na roba marasa nauyi, ƙanana masu juyi 45 da manya masu juyi 33 da sulusi. Wannan kaɗai ya ba ni iyakar farko ta shekaru, domin kamfanin Columbia ne ya fito da babban faifan roba a 1948, RCA Victor kuma ya biyo da ƙaramin a 1949. Bambancin yana da amfani wajen wanki. Shalak ba ya shiri da sifirit, narkar da fuskarsa yake yi. Da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir na yi amfani, ba asid ɗin ba, da ɗigon sabulun ruwa da buroshi mai laushi, ina bin zagayen tsagin, ina kare takardar tsakiya kada ta jiƙe. Sannan a jingine su a tsaye a inuwa. Rana lanƙwasa na roba take yi. Wasu sun yi funfuna, wasu gara ta cinye musu kwali ta bar faifan lafiya lau.

Bayan sun bushe ne karatu ya fara, da tocilan da madubin ƙara girma. Takardar tsakiyar faifan MGM bugun Amurka ta sauya kama sau uku a manyan zangonta: ruwan ɗorawa da baƙin rubutu tun farko har zuwa 1959, sai baƙa mai haruffa kala-kala har zuwa 1968, sannan shuɗi da ruwan zinare. Ƙaramin rubutun da ke zagaye bakin takardar shi ma yana magana. A tsofaffin za ka ga an ce kamfanin reshe ne na Loew's Incorporated, wato uwar kamfanin da ta mallaki gidajen silima da kuma ɗakin shirya fim ɗin baki ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ne ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen silimarsu, Loew's ta ja ƙafa har ƙarshen shekarun 1950, daga nan rubutun ya koma sunan Metro-Goldwyn-Mayer. A manyan faya-fayan kuma lamba mai farawa da E murya ɗaya ce, mai farawa da SE sitiriyo ce, kuma ba a fara sayar da sitiriyo a kasuwa sosai ba sai 1958.

Sai dai yawancin na Kawu ba bugun Amurka ba ne. Ta Ingila kayanmu suke zuwa a lokacin, kuma a can kamfanin EMI ne ya daɗe yana buga faya-fayan MGM a masana'antarsa ta Hayes, kusa da Landan. Launin takardunsu bai cika tafiya kafaɗa da kafaɗa da na Amurka ba, don haka a kansu ban dogara da launi ba. Sa'ar da na ci ita ce na Ingila, daga ƙarshen shekarun 1950, suna rubuta shekarar da aka fara fitar da naɗin a jikin takardar. Inda babu, sai na koma ga lambar da aka karce a filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, in gwada ta da jerin lambobin da masu tara faifai suka tattara a intanet.

Mafi tsufa a tarin su ne 'yan shalak na fim ɗin Show Boat na 1951, kuma su ne suka kai ni ga dalilin buɗe kamfanin tun asali. A 1946 MGM ta kafa reshen faifanta, ta ɗauko Frank Walker, tsohon hannu da ya yi aiki a Columbia da RCA Victor, ta ba shi ragama, ta kuma kafa masana'antar buga faifai a Bloomfield ta jihar New Jersey. A lokacin babu kamfanin da ya kai ta shirya fim ɗin waƙa da rawa. Mutane na fita daga silima da waƙa a bakinsu, amma in sun je kanti wani mawaƙi daban ne ya rera ta wa wani kamfani daban, kuɗin kuma can yake tafiya. Dabarar MGM ita ce a ɗauko ainihin sautin da ke cikin fim a sayar. Disney ya riga ya yi haka da fim ɗinsa na zane, Snow White, a 1938, amma ta hannun RCA Victor. MGM kuwa ta fara da Till the Clouds Roll By, fim ɗin 1946 kan rayuwar mawallafin waƙa Jerome Kern, wanda faya-fayansa huɗu suka fito a 1947 cikin kundi mai aljifai, kuma shi ake ɗauka na farko irinsa daga fim ɗin mutane.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma kunne yana jin haka. Gefe guda na faifan 78 mai inci goma minti uku da 'yan kai yake ɗauka. Waƙar da aka yi minti shida ana rawa da ita a fim dole a datse ta, a cire ƙarar takalmi da maganganun tsakani, a haɗa kai da gindi. Ga kuma rikicin kwangila: Frank Sinatra ya fito a wancan fim na farko, amma muryarsa ba ta cikin kundin, domin a harkar faifai shi ɗan Columbia ne. Na Show Boat ya fi ban dariya. A cikin fim, in Ava Gardner ta buɗe baki, muryar Annette Warren ce ake ji, don kamfanin ya sa an rera mata. A faifan kuwa muryar ita Gardner ɗin ce. Wato faifan da ake sayarwa da sunan sautin fim, a nan ya fi fim ɗin gaskiya.

Juyewa zuwa kwamfuta na yi ta da daddare, a kan wutar batir, don janareta yana sa gurnani a cikin naɗi. Na aro injin da ke da juyi uku. Faifan 78 tsaginsa ya fi faɗi, allurarsa daban ce, ta ninka ta roba kauri sau uku ko huɗu. In ka sa siririyar sai ta nutse ƙasan tsagin, ba ka jin komai sai shuuu. Akwai kuma batun daidaita sauti. Masu yanka faifai suna rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa, injin kunnawa kuma ya mayar da shi daidai, amma sai a 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni guda. Kafin nan kowa da nasa. Don haka tsofaffin masu ruwan ɗorawa suka riƙa fitowa a dakushe, sai da na gyara su a manhajar Audacity. Kowane faifai na ajiye ɗanyen naɗinsa ban taɓa shi ba, sannan na yi kwafi na rage ƙas-ƙas ɗin da ya yi yawa. Ban share duka ba. In ka matsa wa tsohon faifai da gyara, murya takan koma kamar daga cikin ruwa take fitowa.

Da na kai wa Kawu kashin farko, ya saurari na Ben-Hur, fim ɗin 1959 da ya haska har ya haddace, sai ya girgiza kai.

"Kiɗan shi ne, amma ba wannan nake ji a silima ba."

"Kawu, ko dai lasifikar waya ce?"

"Kai dai duba da kyau."

Na duba bayan kwalin. Miklós Rózsa ne ya tsara kiɗan, shi ya jagoranci makaɗan kamfanin a cikin fim, amma faifan an sake naɗarsa ne da ƙungiyar makaɗa ta birnin Rum a ƙarƙashin Carlo Savina. Ainihin na cikin fim ɗin bai fito cikakke ba sai a shekarun 1990, lokacin da kamfanin Rhino ya fitar da shi a faifan CD. Kunnen da ya sha fim ɗin ta ramin ɗakin majigi bai yi ƙarya ba. Ni kuma dole na ƙara wani ɗan layi a littafina: sautin fim ne na ainihi, ko maimai ne.

Da lissafi ya yi nisa sai abin da na fara zargi ya tabbata. Waƙoƙin fim ba su kai rabin tarin ba. Akwai Hank Williams, wanda MGM ta ɗauka a 1947, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1953 yana da shekara 29, kuma har yau ana ganinsa ɗaya daga cikin manyan jigogin kiɗan karkarar Amurka. (Babu dangantaka tsakaninsa da Don Williams da direbobinmu suke so, duk da kiɗan gida ɗaya ne.) Akwai Billy Eckstine, akwai Connie Francis da yawa, akwai Conway Twitty tun kafin ya koma kiɗan karkara. Babu ɗayansu da ya yi suna ta hanyar fim ɗin MGM. A ganina nan ne zuciyar tarihin take. An buɗe kamfanin don ya sayar da waƙar fim, amma masana'antar buga faifai ba ta jiran fim ya fito kafin ta juya, kullum sai an ba ta abin bugawa. Walker ya san haka, shi ya sa ya nufi Nashville, cibiyar kiɗan karkara. Kuma da talabijin ya shigo, fim ɗin waƙa da rawa ya fara ja da baya a ƙarshen shekarun 1950, waɗannan mawaƙa ne suka riƙe reshen.

Sauran kamfanonin fim sun makara da shekara goma. Disney ya buɗe nasa a 1956. A 1957 Paramount ta sayi Dot Records, United Artists ta buɗe nata, a 1958 kuma Warner Bros. da Columbia Pictures da 20th Century-Fox duk suka shigo. Labarin Warner sananne ne: ɗan wasansu Tab Hunter ya rera waƙar da ta hau lamba ɗaya a 1957, amma wa Dot ya rera ta, domin kwangilarsa ta fim ce kawai, kuma Jack Warner, shugaban kamfanin, bai ji daɗin ganin kuɗin na wucewa ta gabansa ba.

Wasu faya-fayan sun so su ɓace mini don babu zaki a tsakiyarsu. Sunan Verve ne a jiki, na makaɗin jaz Jimmy Smith. Madubi ne ya nuna sunan MGM a ƙaramin rubutun gefe. Norman Granz ya kafa Verve a 1956, ya sayar wa MGM a ƙarshen 1960, don haka suka koma cikin tarin. Akasin haka ma ya faru: faifan Herman's Hermits da na The Animals, waɗanda a Amurka MGM ce ke fitar da su a lokacin, a bugun Ingila na Kawu tambarin Columbia na EMI ne a jikinsu, sai na fitar da su. Na Doctor Zhivago na 1965 kuwa, kiɗan Maurice Jarre, kwafi biyu na tarar, ɗaya ya suɗe saboda kunnawa. Ba mamaki. Ya yi kusan shekara uku a jerin faya-fayan da aka fi saya a Amurka, kuma Kawu ya ce a nan ma saboda Omar Sharif ɗan Masar mutane ke cika silima.

Masu shuɗi da ruwan zinare su ne na ƙarshe, kuma ba su da yawa. A 1969 attajiri Kirk Kerkorian ya karɓe MGM, hankalinsa kuma yana kan gina otal a Las Vegas. A 1970 aka yi gwanjon tufafi da kayan wasan kamfanin na shekara da shekaru. Reshen faifai aka damƙa wa Mike Curb, matashin da bai wuce shekara 25 ba, wanda daga baya ya zama mataimakin gwamnan California. Ya yi suna da sanarwar da ya yi a 1970 cewa ya sallami mawaƙa 18 saboda alaƙa da ƙwaya, ya kuma juya akalar kamfanin zuwa waƙoƙin da iyali za su saurara tare, irin na 'yan gidan Osmond. Sun yi kasuwa, amma hakan bai hana a sayar da reshen ba. A 1972 MGM ta sayar da shi ga PolyGram, haɗin gwiwar Philips na Holan da Siemens na Jamus, kamfanin da tsofaffin masu sayar da faifai a nan suka sani don yana da reshe a Legas. An ba shi izinin amfani da zakin na shekara goma. Zuwa 1976 an kwashe mawaƙan zuwa Polydor, wani reshen PolyGram, a 1982 kuma aka daina buga sabon abu da sunan.

Daga nan na shiga layi na huɗu, wanda ya zame mini kamar rabon gadon babban gida: wannan ya ɗauki gona, wancan ya ɗauki shago, suna kuma ya tafi da wani daban. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta, na naɗin muryar da na rubutun waƙar, kuma a nan kowanne hanyarsa daban ya bi.

Naɗin mawaƙan da ba na fim ba, su Hank Williams da Connie Francis da duk na Verve, sun bi PolyGram. Kamfanin Seagram na Kanada ya saye shi a 1998 ya haɗe shi da nasa, aka samu Universal Music Group, can suke har yau. Sautin fina-finan kuwa ya bi fina-finan. A 1986 Ted Turner ya sayi MGM, ya mayar da yawancinta amma ya riƙe rumbun tsofaffin fina-finai, a 1996 kuma kamfaninsa ya shiga Time Warner. Ke nan Show Boat da Ben-Hur da Doctor Zhivago yanzu a gidan Warner Bros. suke, abokin hamayyar MGM na da, wanda reshensa na waƙoƙin fim ake kira WaterTower Music. Rubutun waƙoƙin da yawa yana hannun kamfanonin ɗab'i uku da MGM ta mallaka, Robbins da Feist da Miller. An sayar da su ga United Artists a 1973, suka wuce CBS a 1983, SBK a 1986, EMI a 1989, daga bisani suka sauka a Sony. Shi kansa kamfanin MGM da zakinsa, Amazon ne ya kammala sayensa a watan Maris na 2022 a kan dala biliyan 8.45.

Sai ka ɗauki faifan Hank Williams guda ɗaya ka gani. Muryar ta Universal ce. Rubutun waƙoƙinsa yana wurin Acuff-Rose na Nashville, wanda Sony ta saya a 2002. Zakin da ke tsakiya na Amazon ne, kuma shi ne kaɗai ba shi da ko sisi a cikin abin da allura ke fitarwa. Da na yi wa Kawu wannan bayani cewa ya yi, "To su masu zakin me suka saya?" Na ce fina-finan bayan 1986, da na United Artists da MGM ta saya, da sunan.

Abokina na rediyo na ba shi kwafin littafin, na ce ya tabbatar da shugabanninsa cewa tasharsu na biyan ƙungiyar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta amince ta karɓi kuɗin mawaƙa, domin ta wannan hanya ake sa irin waɗannan waƙoƙi a iska ba tare da an rubuta wa kowane kamfani wasiƙa ba. Ɗorawa a intanet kuwa na ce a'a. Mallakar faifai ba mallakar waƙa ba ce, ko da faifan ya shekara sittin a adakarka. Kwafin da ke wayar Kawu na sauraronsa ne. Faya-fayan kuma na saka kowanne a sabuwar jakar takarda, na jera su a tsaye a kwali, nesa da bango mai zafi da kuma ƙasa.

A ƙasan adakar akwai wani ɗan tari da ban taɓa ba tukuna, masu tambarin United Artists, har da kiɗan fina-finan James Bond na farko da na Kenny Rogers. Kawu ya ce ai waɗannan masu sauƙi ne, tunda na ce MGM ta sayi United Artists. Ta saya, a 1981. Amma reshen faifan ya riga ya bar gidan tun 1978, EMI ta karɓe shi a 1979, ta sauya masa suna zuwa Liberty a 1980, ita ma EMI ɗin an yanyanka ta a 2012. Na ce masa sai na sayo wani littafin.